Zaɓen Pakistan na 1970: Yadda Wanda Ya Ci Ya Kasa Karɓar Mulki, Ƙasa Ta Dare Gida Biyu

A ranar 7 ga Disamba 1970 mutanen Pakistan suka fita zaɓen majalisar tarayya. Tun da aka sami 'yanci a 1947, wannan ne karon farko da kowane baligi ya jefa ƙuri'arsa kai tsaye a zaɓen ƙasa baki ɗaya. Zaɓen ya yi tsafta, kuma har yau da shi ake misali a can idan ana maganar zaɓen da ba a yi aringizo ba. Amma shekara ɗaya da kwana tara bayan haka, sojojin Pakistan suka miƙa wuya a birnin Dhaka, rabin ƙasar ya zama Bangladesh. An saba ɗora abin a kan bambancin harshe da nisan ƙasa da hannun Indiya. Duk suna da nasu kaso. Sai dai abin da ya mayar da tsohon ƙorafi ya zama yaƙi yana cikin dokar da sojoji suka rubuta domin zaɓen, da lissafin da suka yi a ransu lokacin rubuta ta.

Ƙasar da aka gada

Pakistan ta farko yanki biyu ce, Gabas da Yamma, tsakaninsu ƙasar Indiya mai faɗin kusan kilomita 1,600. Gabas, wato ƙasar Bangalawa, ta fi yawan jama'a, fiye da rabin 'yan ƙasa. Yamma kuwa ita ke da fadar gwamnati da hedikwatar soja da manyan ma'aikata. A 1948 Muhammad Ali Jinnah ya faɗa a Dhaka cewa Urdu kaɗai ne zai zama harshen ƙasa. Ranar 21 ga Fabrairu 1952 'yan sanda suka harbe ɗalibai masu zanga-zanga kan haka. A 1954 ƙawancen jam'iyyun adawa ya kayar da jam'iyya mai mulki, Muslim League, warwas a zaɓen lardin Gabas, gwamnatin tsakiya ta rushe sabuwar gwamnatin lardin cikin 'yan makonni. A 1955 aka dunƙule lardunan Yamma suka zama lardi guda, aka kafa ƙa'idar raba kujerun majalisa daidai wa daida tsakanin yankunan biyu, wato aka share fifikon yawan da Gabas take da shi. Daga 1958 kuma Janar Ayub Khan ya riƙe ƙasar.

Ga kuma maganar kuɗi. Zaren da ake saƙa buhun algarara da shi, wanda Gabas ke nomawa, shi ne ya daɗe yana kawo kaso mafi tsoka na kuɗin waje, amma masana'antu da manyan ayyuka a Yamma aka fi zuba su. Alƙaluman hukumar tsare-tsare ta gwamnatin kanta sun nuna cewa abin da mutumin Yamma ke samu a shekara ya ɗara na mutumin Gabas da kusan kashi 32 cikin 100 a 1959-60, ya kai kusan kashi 61 a 1969-70. Bangalawa ba su kai ko kashi ɗaya bisa goma na hafsoshin soja ba. Da aka yi yaƙi da Indiya a Satumbar 1965, runduna ɗaya tak ke tsaron Gabas gaba ɗaya.

Daga nan Sheikh Mujibur Rahman na jam'iyyar Awami League ya fito da Buƙatu Shida a Lahore, cikin Fabrairun 1966. Ya nemi tarayya mai tsarin firaminista. Gwamnatin tsakiya ta riƙe tsaro da harkokin waje kawai. Kowane yanki ya sami kuɗinsa daban, ko kuwa kuɗi ɗaya amma da shingen da zai hana kwashe jari daga Gabas zuwa Yamma. Ikon karɓar haraji ya koma hannun yankuna, su riƙa ba tsakiya rabonta. Kowane yanki ya riƙe asusun kuɗin wajensa, ya yi cinikinsa da ƙasashen waje. Gabas kuma ta sami dakarun tsaro nata. Na huɗu da na biyar su ne ƙashin da ya tsaya wa sojoji a maƙogwaro. Rundunar da ke cin kaso mafi girma na kasafin tsakiya za ta koma jiran abin da majalisar Dhaka ta ga damar aikowa.

Ayub ya gurfanar da Mujib bisa zargin haɗa baki da Indiya, a shari'ar da aka sani da ta Agartala. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya: bore ya tilasta janye shari'ar a Fabrairun 1969, Mujib ya fito gwarzo, Ayub ya sauka ranar 25 ga Maris ya miƙa wa Janar Yahya Khan.

Dokar 30 ga Maris 1970 da ramukan da ke cikinta

Yahya ya yi abubuwa biyu da ya kamata a yaba masa. Ya rushe dunƙulallen lardin Yamma, aka koma larduna huɗu daga 1 ga Yuli 1970. Ya kuma soke rabon daidai wa daida, ya ce mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya. Dokar share fagen zaɓe da ya sa wa hannu ta tanadi kujeru 313: 300 na zaɓe kai tsaye, 13 na mata. Gabas ta sami 162 da 7 na mata, jimla 169. Yamma ta sami 138 da 6, jimla 144. A cikin 138 ɗin, Punjab na da 82, Sindh 27, lardin Arewa maso Yamma 18, yankunan ƙabilu 7, Balochistan 4. Aikin farko na majalisar shi ne rubuta kundin tsarin mulki.

Rami na farko, kuma mafi zurfi: dokar ba ta faɗi yawan ƙuri'un da ake buƙata kafin kundin ya tabbata ba. An bar wa majalisar ta tsara wa kanta. Ke nan rinjaye mai sauƙi, kujeru 157, ya isa. Gabas ita kaɗai tana da 169. Duk wanda ya iya lissafin firamare zai ga cewa idan jam'iyya ɗaya ta share Gabas, za ta iya rubuta wa ƙasa kundi ba tare da ƙuri'a ko ɗaya daga Yamma ba. Da an ce sai kashi biyu bisa uku, wato 209, da dole mai rinjaye ya nemi abokan tafiya a ɗaya yankin. Akwai janar-janar da suka so a saka wannan sharaɗi, ba a saka ba.

Na biyu, wa'adin kwana 120. Idan majalisa ba ta gama kundin cikin wannan lokaci ba, ta rushe. Manufar ita ce kada a maimaita abin da ya faru bayan 1947, lokacin da aka kwashe shekara tara kafin a sami kundin farko. Amma agogon yana fara bugawa ne daga ranar zaman farko, don haka duk mai jin an fi ƙarfinsa, maslahar da yake gani ita ce kada a zauna ɗin ma sam sai an daidaita a waje. Wa'adin da aka sa don a hanzarta aiki shi ya zama hujjar hana fara shi.

Na uku, kundin ba zai zama doka ba sai shugaban ƙasa ya amince, kuma shi kaɗai ke da ikon fassara dokar zaɓen, babu kotun da za ta ja da shi. Wannan shi ne makamin da sojoji suka ɓoye a aljihu. Illarsa ita ce, bai bar wata hanyar sulhu a tsakiya ba: ko dai Yahya ya sa hannu a kan kundin da ya rage wa soja ƙarfi, ko ya yi fatali da abin da zaɓaɓɓun wakilan mafi yawan jama'a suka amince da shi.

Na huɗu, maganar cin gashin kai. Dokar ta ce a ba larduna iko gwargwadon yadda zai yiwu, ta kuma ce a bar wa tsakiya isasshen iko. Ba ta ce Buƙatu Shida sun halatta ba, ba ta ce sun haramta ba. Aka bar Awami League ta yi kusan shekara guda tana yaƙin neman zaɓe a kansu a fili. Wanda ya ƙyale a tallata abu a gaban miliyoyin masu zaɓe ba shi da bakin cewa cin amanar ƙasa ne bayan sun saya.

Me ya sa aka bar waɗannan ramuka? Domin sojoji sun yi imanin babu jam'iyyar da za ta sami rinjaye. Rahotannin da jami'an leƙen asiri ke kawo wa Yahya sun nuna majalisa za ta rarrabu tsakanin jam'iyyu da dama, masu ra'ayin addini da ɓangarorin Muslim League su sami rabo mai kauri, shi kuma ya zauna a matsayin alƙali mai raba gardama. An ɗinka dokar ne daidai jikin wannan sakamako ɗaya. Ba a yi tanadin komai ba idan wani daban ya fito.

Guguwa da ƙuri'a

Daren 12 ga Nuwamba 1970 mahaukaciyar guguwa ta afka wa gaɓar tekun Gabas, musamman tsibirin Bhola. Waɗanda suka mutu sun kai tsakanin 300,000 da 500,000. Yahya yana hanyar dawowa daga Sin, ya tsaya a Dhaka, ya leƙa ɓarnar daga jirgin sama, ya wuce. Agajin gwamnati ya yi nawa, har na ƙasashen waje ya riga shi isa wasu wurare. Maulana Bhashani, wanda zai iya rage wa Mujib ƙuri'un manoma, ya janye jam'iyyarsa daga zaɓen.

Awami League tana da alamar kwalekwale, abin da kowane ɗan ƙauye a ƙasar koguna ya sani. Fitacciyar fastarta ba hoton ɗan takara ba ce. Jadawali ne mai layi biyu, Gabas a nan Yamma a can, ga kuɗin shinkafa, ga na man girki, ga yawan ma'aikatan gwamnatin tsakiya, ga na soja. A Yamma, Zulfikar Ali Bhutto da jam'iyyarsa ta PPP mai alamar takobi suna alƙawarin abinci da sutura da muhalli.

Sakamako: Awami League ta ci 160 cikin 162, da kujerun mata 7 ta zama 167. Kujeru biyun da suka kuɓuce mata, Nurul Amin da Raja Tridev Roy ne suka ci su. PPP ta ci 81 cikin 138: 62 a Punjab, 18 a Sindh, ɗaya a Arewa maso Yamma, babu ko ɗaya a Balochistan. Awami League ba ta ci kujera a Yamma ba, PPP ko ɗan takara ba ta tsayar a Gabas ba. A lura da aikin tsarin da mai ƙuri'a mafi yawa a mazaɓa ke kwashe kujera: kusan kashi 75 na ƙuri'un Gabas ya ba Mujib kusan kashi 99 na kujerunta, kuma da kashi 39 na ƙuri'un ƙasa ya riƙe fiye da rabin majalisa.

Akwai lissafin da ba a cika kawowa ba, alhali shi ke fayyace halin da Bhutto ya nuna. Kujeru 57 na Yamma ba na PPP ba ne. Akwai 9 na ɓangaren Muslim League na Qayyum Khan, 6 na jam'iyyar Wali Khan, 7 na malaman Jamiat Ulema-e-Islam, 4 na Jamaat-e-Islami, da sauran ƙanana da 'yan indifenda. Da dama daga cikinsu, musamman na ƙananan larduna masu tsoron danniyar Punjab, a shirye suke su yi aiki da Mujib. Ko da an ce sai kashi biyu bisa uku, ƙuri'a 42 kawai yake nema, PPP ita kaɗai kuma ba ta kai kashi ɗaya bisa ukun da za ta toshe hanya ba. A zauren majalisa Bhutto madugun adawa ne kawai. Ƙarfinsa yana waje, a titunan Lahore da kuma kusancinsa da janar-janar.

Daga Janairu zuwa daren 25 ga Maris

Tun cikin Disamba Bhutto ya shelanta cewa ba zai zauna a kujerar adawa ba, kuma babu kundin da zai yiwu sai da yardarsa. Ranar 3 ga Janairu 1971 Mujib ya tara zaɓaɓɓun wakilansa a filin sukuwa na Dhaka, suka yi rantsuwa a gaban jama'a cewa ba za su kauce wa Buƙatu Shida ba. Wannan kuskurensa ne, don ya ɗaure hannunsa kafin a zauna teburin ciniki. Tsakiyar watan Yahya ya je Dhaka, ya kira Mujib firaminista mai jiran gado. Daga can ya wuce Larkana, gidan Bhutto, kuma daga wannan ziyara harshensa ya fara sauyawa. Bhutto ya je Dhaka a ƙarshen watan, aka tashi baram-baram.

Sai wani abu ya gifta. Ranar 30 ga Janairu wasu matasan Kashmir suka karkatar da jirgin fasinjan Indiya zuwa Lahore, aka ƙone shi bayan kwana uku. Indiya ta rufe wa jiragen Pakistan sararin samaniyarta. Daga nan duk jirgin da zai tashi daga Karachi zuwa Dhaka sai ya kewaya ta Colombo, a tsibirin Sri Lanka na yau.

Ranar 13 ga Fabrairu aka sa 3 ga Maris a matsayin ranar zaman majalisa a Dhaka. Bayan kwana biyu Bhutto ya ce ba za shi ba. Ranar 28 ga wata, a Lahore, ya yi barazanar karya ƙafar duk ɗan majalisar Yamma da ya kuskura ya je, ya ce ko a ɗage zaman ko a cire wa'adin kwana 120. Cire wa'adin abu ne da Yahya zai iya yi da alƙalami ɗaya, kuma da ya ƙwace wa Bhutto hujjarsa. Bai yi ba. Ranar 1 ga Maris da rana aka karanta sanarwa a rediyo cewa an ɗage zaman, ba a kuma sa wata rana ba. Ana tsakiyar wasan kurket a filin wasa na Dhaka. 'Yan kallo suka watse suka cika titi. Gwamnan Gabas, Admiral Ahsan, ya riga ya gargaɗi Yahya cewa idan ɗagewar ta zama dole, to a haɗa da sabuwar rana. Aka sauke shi. Kwamandan sojan yankin, Janar Sahibzada Yaqub Khan, ya ajiye aiki domin bai yarda bindiga za ta warware matsalar ba. Aka turo Janar Tikka Khan, babban jojin Dhaka ya ƙi rantsar da shi gwamna.

Ranar 6 ga Maris Yahya ya sa sabuwar rana, 25 ga wata, amma an riga an harbe masu zanga-zanga. Washegari Mujib ya yi jawabinsa a filin sukuwa. Bai ayyana ɓallewa kai tsaye ba. Ya gindaya sharuɗɗa huɗu: a janye dokar soja, sojoji su koma bariki, a binciki kisan da aka yi, a miƙa mulki ga zaɓaɓɓu. Daga ranar kotuna da bankuna da ofisoshin Gabas suka koma bin umarnin Awami League. Ma'aikatan tashar jiragen ruwa ta Chittagong suka ƙi sauke makaman da wani jirgi ya kawo.

Yahya ya sauka Dhaka ranar 15, Bhutto ranar 21. Abin da aka tattauna shi ne a janye dokar soja ta hanyar sanarwa, a miƙa mulki a larduna, 'yan majalisar Gabas da na Yamma su fara zama daban-daban kafin su haɗu. Bhutto ya ce idan aka janye dokar soja kafin majalisa ta zauna, babu wata doka da za ta riƙe ƙasar. A ɓangaren shari'a maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, sai dai shi ne ya hana majalisar zama tun farko. Ana wannan zama jiragen PIA, kamfanin jiragen sama na Pakistan, suna ta sauke sojoji ta hanyar Colombo, manyan hafsoshi biyu, Khadim Hussain Raja da Rao Farman Ali, suna rubuta tsarin farmaki. Ranar 23, ranar bikin ƙasa, tutar Bangladesh ce ke kaɗawa a rufin gidajen Dhaka. Da yammacin 25 Yahya ya bar garin ba sallama.

A daren aka far wa ɗakunan kwanan ɗaliban Jami'ar Dhaka, da barikin 'yan sanda na Rajarbagh, da hedikwatar dakarun kan iyaka a Pilkhana, da unguwannin mabiya addinin Hindu a tsohon gari. Aka kama Mujib aka kai shi Yamma. Tsarin ya dogara ne a kan ƙwace makaman sojojin Bangalawa cikin dare ɗaya da kame shugabannin jam'iyya. Duka biyun sun ci tura. Bataliyoyin Bangalawa suka yi tawaye da makamansu, ranar 27 Manjo Ziaur Rahman ya karanta shelar 'yanci a rediyo daga kusa da Chittagong, Tajuddin Ahmad da sauran shugabanni suka tsallaka Indiya, suka rantsar da gwamnatin wucin gadi ranar 17 ga Afrilu.

Abin da ya biyo baya

Wata tara aka yi ana yaƙi. Kimanin mutum miliyan 10 suka yi hijira zuwa Indiya, wadda ta horar da mayaƙan neman 'yancin Bangladesh, wato Mukti Bahini, ta ba su makamai. Amurka ta kawar da kai saboda Yahya ne ke share mata hanyar sasantawa da Sin. Firaministar Indiya, Indira Gandhi, ta ƙulla yarjejeniya da Tarayyar Sobiyet ranar 9 ga Agusta. Ranar 3 ga Disamba jiragen yaƙin Pakistan suka kai hari filayen jiragen Indiya, ranar 16 Janar Niazi, kwamandan sojan Pakistan a Gabas, ya sa hannu kan takardar miƙa wuya a filin sukuwan nan na Dhaka. Kusan mutum 93,000, sojoji da farar hula, suka zama fursunoni.

Yawan waɗanda aka kashe har yau ana jayayya a kai. Gwamnatin Bangladesh tana cewa miliyan 3, hukumar bincike ta Mai Shari'a Hamoodur Rahman a Pakistan ta ce 26,000, masu bincike da yawa masu zaman kansu suna sa shi a dubban ɗaruruwa. An yi wa mata fyaɗe ba adadi, an kashe malaman jami'a da likitoci da 'yan jarida ana saura kwana biyu a gama yaƙin, an kuma kashe Biharawa masu jin Urdu a hare-haren ramuwar gayya.

Idan za a jera alhaki, Yahya da janar-janar ɗinsa ne a gaba, domin su suka rubuta dokar, su ke da ikon gyara ta, su kuma suka zaɓi bindiga. Bhutto na biye, domin ya hana majalisa zama don kada ya zama ɗan adawa. Na Mujib ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, ko da yake rantsuwar 3 ga Janairu da ƙin taka ƙafa Yamma bayan zaɓe sun rage masa abokan da lissafi ya nuna yana da su.

Bhutto ya karɓi ragowar Pakistan ranar 20 ga Disamba 1971, ya saki Mujib, wanda ya isa Dhaka ranar 10 ga Janairu 1972. Pakistan ba ta amince da Bangladesh ba sai a Fabrairun 1974, lokacin taron ƙasashen Musulmi a Lahore. Wakilan da aka zaɓa a 1970 kuwa sun rubuta kundi daga baya, amma guda biyu. Na Gabas sun zartar da nasu ranar 4 ga Nuwamba 1972, kuma jam'iyyar da ta yi shekara biyar tana neman sassauta ikon tsakiya ta kafa ƙasa mai gwamnati ɗaya tilo, ba tarayya ba. Na Yamma, tare da Nurul Amin da Tridev Roy, sun zauna a Islamabad a Afrilun 1972, suka fitar da kundin 1973. A cikinsa aka kafa majalisar dattawa inda larduna huɗu ke da kujeru daidai wa daida, aka kuma ce ba za a taɓa kundin ba sai da kashi biyu bisa uku.